NASIHA TA FI MARI: ME KE MAYAR DA ƊAURARRU GIDAN YARI?

 Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana ne a kan waɗansu bayin Allah waɗanda ba safai akan tuna da su ba, watau ɗaurarrun da ke gidajen yari, musamman waɗanda akan saki da ƙaramar salla, kafin babbar salla ta zo an sake mayar da su.

Duk wanda ya san Mashi, wadda ke bisa hanyar Katsina zuwa Daura, ƙasarta kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, ya san irin laifuffukan da kan kai saurayi gaban alƙali a gari irin wannan: satar akuya, fasa rumbu, yankan aljihu ran kasuwa, faɗa, shaye-shaye, ko cin amanar ubangida. In an yanke masa wata shida ko shekara, sai a tafi da shi, gari ya huta, kowa ya manta. Amma wa'adi kan cika. Wata rana sai a gan shi ya sauka a tasha, ba jari, ba sana'a, ba mai yi masa maraba. Daga wannan rana maganarsa ta zama tamu, domin shagon da zai fasa in ya koma ruwa na ɗayanmu ne, takardun shari'arsa kuma a teburin wani daga cikinmu za su sake sauka.

DAGA GIDAN YARI ZUWA GIDAN GYARAN HALI

Tun zamanin sarakuna akwai mai riƙe da sarautar Yari, shi ke tsare masu laifi, daga sunansa ne ma aka sami kalmar gidan yari. Da Turawa suka zo, gidajen yarin ƙasar Hausa suka zauna a hannun En'e, har shekarar 1968 lokacin da Gwamnatin Tarayya ta karɓe su ta haɗa da nata, sa'an nan dokar soja mai lamba 9 ta 1972 ta tsara aikinsu. A watan Agusta na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta sake wa hukumar suna ta koma hukumar gyaran hali. Dokar ta raba aikin gida biyu: tsare mai laifi, da kuma hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar sa shi aikin gayya domin amfanin jama'a, ko sakinsa bisa sharaɗi ana sa masa ido, ko sulhunta shi da wanda ya zalunta. Ta kuma ɗora wa ma'aikata binciken abin da ya jefa kowane ɗaurarre cikin laifi, da gyara shi ta hanyar magani, ilmi, sana'a, addini da nasiha. A 2023 kuwa aka yi wa tsarin mulki gyara, jihohi ma suka sami ikon kafa gidajen gyaran hali nasu.

Wannan duk abin yabo ne, amma sake wa tuwo suna ba ya sake masa ɗanɗano. Alƙaluman da hukumar kanta ta riƙa fitarwa a 'yan shekarun nan sun nuna kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Inda ɗaki ya cika ya batse, gandiroba ɗaya yana fama da mutane barkatai, wa ke da sukunin zama da mutum ɗaya ya ji abin da ke zuciyarsa?

ME KE MAYAR DA SU?

Komawa ga laifi bayan saki ba ciwon ƙasarmu kaɗai ba ne. A Amurka, ma'aikatar shari'a ta bi sawun fursunonin da aka saki a jihohi 30 cikin 2005, sai ta tarar an sake kama kimanin kashi biyu cikin uku kafin shekara 3, da wajen kashi uku cikin huɗu kafin shekara 5. Ga dukiya, ga manyan gine-gine, amma ɗauri shi kaɗai bai hana komawa ba.

In muka duba namu, dalilan a fili suke. Na farko, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: ɓarawon kaza ya kwana wata shida ɗaki ɗaya da ɗan fashi, ya fito da ilmin da bai shiga da shi ba. Na biyu, ɗan abin da yake juyawa ya ƙare a zirga-zirgar kotu, gonarsa ta wuce damina ba a nome ba, wataƙila matarsa ma ta tafi gida. Na uku, tambarin da muke buga masa, wanda ba ya gogewa: ba mai ɗaukarsa aiki, ba mai ba shi aure, in an yi sata a unguwa shi ne farkon wanda za a nema. Na huɗu, ƙwaya. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya cikin 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye a shekarar da ta gabace shi, a 2018 ɗin ne kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Na biyar, wanda shi ne uwa uba, mutumin bai taɓa yanke shawara a zuciyarsa cewa ya bari ba. An hukunta jikinsa, zuciyar tana nan inda take. A kan wannan na biyar ne maganarmu ta yau ta tsaya.

TSORO DA SARƘA

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka maganin kangararre shi ne a ba shi wuya har ya ji a jikinsa. Mun ga inda wannan tunani ya kai mu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fitar da mutum fiye da 300. A watan Oktoba suka buɗe wani a cikin Daura, inda suka ce sun sami mutum 67, manya da yara, cikin mummunan hali, sa'an nan wani a birnin Katsina. Iyaye ne da kansu suka kai yawancin waɗannan, da kyakkyawar niyya, don ƙwaya ko sata ko rashin ji ta ishe su. Abin da aka gani a jikinsu na tabon mari da bulala ya isa wa'azi. Ƙarfe yana riƙe ƙafa muddin yana ɗaure, ran da aka kwance kuwa ƙafar inda zuciya ta nufa za ta.

Turawa ma sun gwada tsoratarwa. A shekarun 1970, a gidan yarin Rahwe na jihar Niyu Jasi ta Amurka, aka fara kai yara masu ƙananan laifuffuka gaban manyan fursunoni domin su yi musu tsawa su razana su. Aka yi sinima a kai cikin 1978, abin ya yi farin jini ƙwarai. Da masana suka tattara gwaje-gwaje 9 na irin wannan shiri a 2002, sai suka tarar yaran da aka tsoratar sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya.

ABIN DA MAGABATA SUKA BAR MANA

Mu Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan fage. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabin Allah a cikin kurkuku, samari biyu sun zo masa da mafarkinsu don sun ga alamar kirki tare da shi. Ya kira su abokan zamansa, ya yi musu alkawarin biyan bukatar da ta kawo su, sa'an nan ya gabatar musu da tauhidi ta hanyar tambaya, ya bar hankalinsu ya auna.

Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Umama labarin saurayin da ya zo wurin Manzon Allah, mai tsira da aminci, yana neman a yi masa izinin zina. Jama'a suka taso masa da tsawa. Manzon Allah ya sa ya matso kusa ya zauna, ya shiga tambayarsa ɗaya bayan ɗaya, ko zai so a yi haka da mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, ko gwaggonsa, ko innarsa. Kowace tambaya saurayin da bakinsa yake cewa a'a. Daga ƙarshe ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a, mai ruwaya ya ce daga ranar bai ƙara waiwayar wannan abu ba. A lura, hujjar da ta warkar da shi daga bakinsa ta fito.

Buhari da Muslim sun kawo labarin Sumama ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama, wanda aka kama aka ɗaure a ginshiƙin masallacin Madina. Kwana uku Manzon Allah yana zuwa yana tambayarsa abin da ke ransa, yana saurarar amsarsa, a na uku ya ce a sake shi. Sumama ya je wata gonar dabino kusa ya yi wanka, ya komo da ƙafarsa ya musulunta. Haka kuma Buhari ya kawo labarin wani mutum da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya, har wani ya gaji ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi. Manzon Allah ya hana tsinuwar, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ga mai komawa laifi ke nan tun a zamanin sahabbai: an zartar masa da hukunci, amma ba a yarda a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

HIRAR ZABURARWA

Abin sha'awa shi ne masana halayyar ɗan Adam na wannan zamani, bayan doguwar wahala, sun zo kusa da wannan tafarki. A 1983 wani malamin jami'a Ba'amurke, Wiliyam Mila, wanda ke aikin jinyar mashaya giya, ya bayyana wata hanya ta yin nasiha, daga baya shi da abokin aikinsa Istifin Rolnik suka fitar da littafi a kanta cikin 1991. Mu a nan za mu kira ta hirar zaburarwa. Abin da suka lura da shi shi ne, mai mugun hali yawanci zuciyarsa biyu ce, ɗaya tana son bari, ɗaya tana son ci gaba. In mai nasiha ya kama ɓangaren bari yana ta kawo hujja, sai shi kuma ya kama ɗaya ɓangaren yana kare kansa, kuma duk abin da mutum ya ji bakinsa yana maimaitawa shi yake ƙara zama a zuciyarsa. Ashe ke nan yawan gardama da shi ƙarfafa shi yake yi a kan ɓata.

Saboda haka suka juya abin. Mai nasiha zai yi tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a. Zai saurara fiye da yadda yake magana, ya mayar wa mutum abin da ya ji daga gare shi don ya tabbatar ya fahimta. Zai yaba ɗan alherin da ya gani, in dai na gaskiya ne. Zai nuna masa tazarar da ke tsakanin abin da yake so ya zama da abin da yake aikatawa. In ya turje, ba za a yi ja-in-ja da shi ba. Daga ƙarshe, shi ne zai faɗi matakin da zai ɗauka, da ranar da zai fara.

Bari mu kwatanta. Malami ya zauna da saurayin da ya rage wata biyu a sake shi. Ya ce, "Ɗana, in ka fita, wa ka fi so ka fara gani?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, tsohuwata." Ya ce, "Me kake so ta riƙa ji a kanka nan da shekara biyu?" Saurayi ya yi shiru, sa'an nan ya ce yana so a ce shi ke cefanen gidan. Malam ya ce, "To, ƙwayar nan, me take yi maka, me kuma take ci maka?" Bayan ya lissafa, sai Malam ya ce, "In an ce daga 1 zuwa 10, ina niyyarka ta bari ta kai?" Ya ce 4. Mai gaggawa zai ce don me ba ta kai 10 ba, sai yaro ya shiga kawo uzuri. Mai hikima kuwa cewa zai yi, "Me ya sa ka ce 4, ba ka ce 1 ba?" Nan take saurayin zai fara jero dalilan da suka sa ya kamata ya bari, da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi.

An gwada wannan hanya a gidajen yari. A ƙasar Niyu Zilan, wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna fursunonin da aka yi wa 'yan zama kaɗan na irin wannan hira ba su koma ga laifi kamar takwarorinsu da ba a yi wa ba. Wani nazari da aka yi a Ingila cikin 2009, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna hanyar tana taimaka wa masu laifi su dage a kan shirin jinya ko na gyaran hali su kai ƙarshensa, amma game da raguwar laifi sakamakon ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Darasin da ke ciki shi ne, hira tana buɗe ƙofa, amma tilas a sami abin da mutum zai taka in ya fito.

KO HALI ZANEN DUTSE NE?

Mun san akwai mai cewa hali zanen dutse ne, mai hali ba ya fasa halinsa. Da haka ne ga kowa, da ba a aiko Manzanni ba, da kuma ba a buɗe ƙofar tuba ba. Aya ta 11 ta Suratur Ra'adi ta rataya sauyin al'amarin mutane a kan sauyin abin da ke cikin zukatansu, wannan kuwa dalili ne cewa zuciya tana sauyawa. Akwai kuma mai cewa, to, wanda aka yi wa sata fa, shi wa zai lallashe shi? Wannan tambaya ce ta gaskiya. Nasiha ba ta kankare hukunci, ba ta kuma cinye haƙƙin kowa. Imamun Nawawi a cikin Riyadus Salihina ya lissafa sharuɗɗan tuba: barin laifin, nadama a kansa, ƙudurin ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa ko a nemi yafewarsa. Mai nasihar da bai kai ɗaurarre ga maganar mai akuyar da ya sata ba, bai gama aikinsa ba. Ba kuma muna cewa a saki masu kisa da satar mutane a yi ta hira da su ba ne. Muna magana ne a kan ɗimbin masu ƙananan laifi, waɗanda ko mun so ko mun ƙi za su fito, don kada ɓarawon akuyar bana ya zama ɗan bindigar baɗi.

Hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya ƙara mana haske. Mai ibadar da ya yanke masa ƙauna shi ya zama cikon na 100. Malamin da ya ce masa ƙofar tuba a buɗe take bai tsaya nan ba, sai da ya umurce shi ya bar garinsu na miyagu ya koma cikin mutanen kirki. Watau nasiha da sauyin abokai tare suke tafiya. Haka nan Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, a cikin Kitabul Haraji da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, ya nemi a yanka wa fursunoni abin ci da tufafin rani da na ɗari daga baitulmali, a kuma riƙa duba shari'arsu da sauri. Mai jin yunwa ba ya jin kira.

AIKIN DA KE KANMU

A watan Nuwamba na 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba da sanarwar sakin ɗaurarru 4,068 waɗanda tara ce kawai ta riƙe su, bayan an tara Naira miliyan 585 daga masu hali da kamfanoni. Mu ma attajiranmu sukan biya wa fursunoni tara da azumi, Allah ya saka musu. Sai dai biyan tara farkon aiki ne, domin wanda aka fitar aka bari a bakin ƙofa da kuɗin mota kaɗai, an yi masa rabin alheri.

Ga abin da muke ganin mutanen Mashi da maƙwabtanta za su iya, ba sai sun jira Abuja ba. Kowane masallacin Juma'a ya zaɓi mutum uku ko huɗu masu haƙuri da riƙon asiri, su nemi izinin hukuma su san 'yan garinsu da ke tsare a Katsina ko Daura ko wani wuri. Su fara ziyartar mutum tun saura wata uku a sake shi, kuma bayan wa'azin taro su zauna da shi shi kaɗai. Malamanmu, waɗanda Allah ya hore wa baki, su koyi saurare, su nemi ma'aikatan jin daɗin jama'a da likitocin ƙwaƙwalwa su nuna musu dabarun wannan hira. Ran saki a sami wanda zai tarye shi, a kai shi wurin mai unguwa ko dagaci, a nemi sulhu da wanda ya ɓata wa.

'Yan kasuwa, ku ne masu abin takawa. Ba mu ce ku danƙa masa mabuɗin shago ba. A fara da dako, ko koyon ɗinki, walda, gyaran babur, ko ɗan kayan da bai fi ƙarfin asara ba, da mai tsaya masa, in ya cika alkawari a ƙara. Wanda bashi ya ɗaure kuwa, mabarta suna cikin kashi takwas da aka ambata a rabon zakka. Ma'aikatan gwamnati, musamman na kotuna da na ƙaramar hukuma, ku tuna fayil ɗin da ya kwana a aljihun tebur mutum ne ke kwana a ɗaure. Ku taimaka wa alƙalai su yi amfani da hukuncin aikin gayya inda doka ta yarda, ku kuma riƙa rubuta adadin waɗanda aka saki da waɗanda suka koma cikin shekara, domin da ƙidaya ne za a san ko aikin yana ci. Iyaye da dangi kuma su daina kiran mutum da laifin da ya riga ya biya.

Waɗansu za su koma duk da haka, kada wannan ya karya mana gwiwa, tun da mun ga wanda aka sha kawowa gaban Manzon Allah bai sa an fid da rai da shi ba. In cikin goma an tsamo uku, gidaje uku ne suka sami mai cefane, shaguna da rumbuna da dama kuma suka kwana lafiya.

Allah ya shiryi zuriyarmu, ya fitar da waɗanda aka tsare bisa zalunci, ya sa waɗanda suka yi laifi su tuba tuba na gaskiya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.